Goggo Mai Wanka da Hayaƙin Talha

Daga Allah muka zo, kuma kowa da ranarsa ta komawa. Ranar Goggo, yayar mahaifina, ta zo da safe a lokacin yankan dawa. Da aka faɗa a lasifikar masallaci, mutane suka bar lauje a hawasha, wato gonakin da muke nomawa a bakin magudanar ruwa, suka nufo gida da ƙaiƙayi a rigunansu.

Kafin la'asar mata sun cika gidanmu da gidan maƙwabta. Wasu sun zo daga Wad Haddad, wasu daga Mai Wurno, har da waɗanda suka taso tun daga Damazin. Wata mata da ban taɓa gani ba ta tsaya a bakin zana, ta ce a kira mata ɗan gidan. Da na zo ta ce, "Ban san sunanka ba. Amma ba don tsohuwar nan ba, da tuni ciyawa ta rufe kabarina." Ta faɗi haka ta koma cikin mata.

Ba kowa ne ya zo da irin wannan zuciya ba. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah shi jiƙanta, amma ta faɗi abin da mai wanka ba ta faɗi." Ta kusa da ita ta ce, "Ke ɗiyarki da ke zaune can tana shayar da yaro, wa ya kai ta asibiti?" Tsohuwar ta gyara lulluɓinta. Mijin marigayiya ɗiyar Goggo shi ma ya zo. Ya ɗaga hannu aka yi fatiha, aka miƙo masa shayi ya ce ya gode, ya sa takalmansa ya tafi. Mahaifina ya bi shi da kallo ya ce, "To, ya dai zo."

Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya na koyi riƙe alƙalami. 'Ya'yanmu yanzu Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Ina so a sami labarin Goggo da harshen da ta yi mana faɗa da shi.

Doguwar mace ce, ba ta da jiki, kullum cikin farin tobi, lulluɓin matan ƙasar nan. Ba ta shafa turare. Kofinta na jabana, wato gahawa, citta ce ta yi masa yawa, ba sukari, ba wanda yake iya shanye shi sai ita. In jikoki suka kira ta habboba, yadda 'ya'yan Larabawa suke kiran kakarsu, sai ta waiga hagu da dama ta ce, "Wa kuke nema? Habboba ta tahi Hartum. Nan kaka ce." A tsintar auduga ba ta hira, kuma ba ta son a yi mata hira.

Aikinta da kowa ya sani shi ne wankan gawar mata. Ta gada wurin uwarta. In mace ta rasu a garinmu ko ƙauyukan da ke bin magudanar, ita ake aiko wa amalanke. Tana da ƙullin garin magarya da kafur a rataye bayan ƙofa, ba ta neman komai in an kira ta, ɗauka kawai take yi. Kuma ƙa'idar aikin ita ce abin da mai wanka ta gani a ɗakin, a ɗakin yake zama. Goggo ta riƙe wannan fiye da kowa. Mata kan zagaye ta wajen shan jabana, wata ta ce, "Goggo, an ce wance duk ta ƙare kafin ta rasu." Sai ta dube ta ta ce, "Kofinki ya huce." Shi ke nan, maganar ta mutu.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mata. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, sannan ta fara ramewa, ta daina shiga mutane, ta rasu tana da sauran ƙuruciyarta. An ce ciwon ciki ne. Mata sun roƙi Goggo ta bar wata ta yi wankan, ta ƙi. Ita ta shiga, ita ta fito, ba ta ce wa kowa komai ba. Shekaru suka wuce a haka.

A nan ne labarin ya shigo ɗakina.

Matanmu sun ɗauki al'adar duhan daga matan ƙasar. Rami ne ake haƙawa a tsakar gida, a sa itacen talha ya yi hayaƙi, mace ta zauna a kai ta lulluɓa da bargo har ƙamshin ya kama jikinta. Amare ne suka fi yi, sai matar aure in tana son faranta wa mijinta. To sai matata ta fara yin duhan kullum. In na dawo daga gona, gidan duk ƙamshin talha. Ni kuwa na ɗauka ni ake yi wa. Har na fara sayen sabon sabulu, na fara gyara gashin baki. Abokan aikina suna yi mini tsiya, suna cewa ango ya dawo, ni ina murmushi.

Wata rana da yamma Goggo ta shigo karɓar rariya. Ta tsaya a tsakar gida ta shaƙi iska.

"Wa aka yi wa aure nan gidan?"

Na yi dariya na ce, "Goggo, ai kin san an iya riƙon miji."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun wajen tsintar auduga.

"Kullum?"

"Kusan kullum."

Ta ajiye rariyar a ƙasa. Ta ce, "Kai, ya walad, yaron nan, kai dai jakin gona ne. Hita waje."

Na fita na zauna a gindin bango. Sun daɗe a ciki. Na ji muryar matata tana musu, sannan na ji kuka. Da Goggo ta fito ta zauna kusa da ni a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaya mini matata tana ganin jini ba a lokacinsa ba, kuma akwai wani ruwa mai wari da ke fito mata. Hayaƙin nan duk don kada in ji ne, kada mata su ji in ta zauna cikinsu. Ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, a ɓoye.

Na ce gobe sai asibiti. Matata ta ce sai dai a kai gawarta. Ba za ta buɗe jikinta ga baƙo ba, kuma in aka ji tana da irin wannan ciwo me za a ce da ita a gari? Na lallashe ta, na yi fushi, na sa yayarta ta yi mata magana. Ta ce mu bar ta da Allah.

A daidai lokacin wata likita, mu muna cewa diktora, ta zo ɗakin shan maganin garinmu tare da wasu 'yan mata masu koyon aiki. Sun ce suna duba matan aure, kuma suna tambayar iyaye ko za su yarda a yi wa 'ya'yansu mata wata allurar rigakafi in ta iso. Suka zauna kwana da kwanaki, ba wadda ta je. A bakin masallaci ana cewa allurar hana haihuwa ce, an ga muna da yawa ne. Mu kuwa dama mutane ne da ba mu son baƙo ya zo yana tambayar gida nawa, yara nawa. Kakanninmu sun sha irin wannan tambaya, ba ta cika zuwa da alheri ba.

Goggo ta sa na ɗaura wa jaki amalanke na kai ta. Na yi niyyar in tsaya a waje, ta ce, "Shiga ka ji da kunnenka. Matarka ce, ba tawa ba."

Ba ta gaishe da diktora da kyau ba ma. Ta zauna ta ce da Larabcinta mai kaushi, "Ni mai wankan gawa ce. Akwai abin da nike gani ga wasu mata. Ba ni faɗa miki ko su wa. In faɗa miki yadda yake, ke ki gaya mini mi ne ne." Ta kwatanta. Ni na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Diktora ta saurara har ƙarshe. Ta ce abin ya yi kama da sankarar bakin mahaifa. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, wadda ke wucewa tsakanin namiji da mace a shimfiɗa. Mutane da yawa sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, maza da mata, kuma yawanci jiki kan kore ta da kansa. Amma wani lokaci takan zauna a jikin mace shiru shekara da shekaru, sai daga baya ta zama ciwo. Ta ce maza ma tana iya kawo musu sankara a maƙogwaro ko a gaba.

Goggo ta katse ta. "Wadda nike tunani ba ta san kowa ba sai mijinta."

Diktora ta ce, "Hajiya, na yarda. Wannan ciwo ba shaidar laifi ba ne a kan kowa. Mutum na iya kawo ta daga auren fari, ta kwanta shekaru, shi kansa bai sani ba."

"In an gani da wuri?"

"Ana magancewa. Dubawar ma ba daɗewa. Wani ruwa mai tsami muke shafawa mu duba, kuma mace ce ke dubawa."

"Allurar kuma?"

"Ta 'yan mata ce tun kafin aure, don ƙwayar kada ta sami wurin zama. Ba ta hana haihuwa. Amma ba ta warkar da wadda ciwon ya riga ya kama. Ita sai dubawa."

A hanyar dawowa muka zo gadar magudana. Nan Goggo ta ce, kamar da kanta take, "Kullum hayaƙi. Ni ce ma nike kai mata itacen." Sai a lokacin na gane ɗiyarta take nufi.

Ta koma wajen matata ta gaya mata duk abin da aka ce. Matata ta ce ta ji, amma ba za ta zama ta farko da za a gani tana shiga ɗakin nan ba, kowa ya san abin da ake dubawa. Goggo ta fahimci ba matata kaɗai ba ce. Muddin mata ba su san inda wannan ɓoyo yake ƙarewa ba, ba wadda za ta taka ƙofar. Ita ce kaɗai ta san inda yake ƙarewa, kuma ita ce aka hana faɗi.

Ta zo wurin mahaifina, ƙanenta, ina zaune. Ta ce za ta gaya wa mata yadda ɗiyarta ta mutu.

Mahaifina ya ajiye carbi. "Yaya, kin san abin da kike faɗi? Amanar wanka fa."

"Ban taɓa ta kowa ba. Wannan tawa ce. Ni na haife ta, ni na wanke ta."

"Tana da miji, tana da ɗiya. Mi mutane za su ce da su?"

"Matar ɗanka tana zubar da jini bayan wannan bango. Mi za ka ce da jikokinka?"

"Ki bari a yi addu'a."

"An yi wa tawa addu'a. Ni na fi kowa yi." Ta miƙe tana gyara tobi. "Ba izini na zo nema ba. Na zo ne kada ka ji a bakin wani."

Ya ce in ta yi haka ba za a ƙara kiran ta wanka ba. Ta ce, "In ba a mutu ba, mi za a kira ni in yi?" Sun yi watanni bayan nan ba sa gaisawa sai da kai.

Ban kasance wurin ba, taron mata ne, matata ce ta ba ni labari. An taru shan jabana a gidan wata maƙwabciya kamar yadda aka saba. Goggo ta bari aka zuba zagayen farko. Sannan ta kira sunan ɗiyarta, abin da ba a ji ta yi ba tun rasuwar. Ta faɗi yadda ta fara da ɗan jini, yadda ta yi ta zama a kan ramin duhan, yadda ta daina kwana ɗaki ɗaya da yaranta. Sannan ta faɗi abin da ta tarar ranar da ta kwance mata zane don wanka. Matata ta ce wasu sun tashi sun fita, wata ta toshe kunne, wata ta ce, "Goggo, ki ji tsoron Allah." Goggo ta ce, "Tsoronsa nike ji. Na gaji da ganin abin nan lokacin da ba ni iya komi sai zuba ruwa. Gobe da sahe ni zan hau gadon diktora. Wadda ke jin kunya ta zo ta ce rakiyata ta yi."

Washegari ta tafi da ƙafa, a tsakiyar titi, don kowa ya gani. Matata ta bi ta, ta ce mini rakiya za ta yi. Wasu mata ma suka yi rakiya. Goggo ta shiga aka duba ta, ta fito tana cewa, "Yo wannan ne abin? Cire ƙaya ya fi shi zafi." Ta kama hannun matata ta tura ta ciki.

Mijin ɗiyarta ya zo har ƙofar gida ya ce ta tona asirin matarsa a kabari, kuma ta sa ana nuna shi da baki. Goggo ta ce masa ba ta ɗora masa laifi ba, ta maimaita abin da diktora ta ce. Bai saurara ba. Ya hana 'ya'yansa zuwa wurinta tsawon lokaci, wannan ya fi komai yi mata ciwo. Wasu gidaje kuma suka daina aiko mata amalanke, suka riƙa ɗauko mai wanka daga wani ƙauye. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Takan je gaisuwa ta zauna a baya kamar kowa.

Diktora ta tura matata babban asibiti a Madani. Aka ce ciwon ne, amma bai bazu ba. Aka yi mata aiki aka cire mahaifa. Goggo ce ta yi jinya, tana kwana a tabarma ƙarƙashin gado, tana faɗa da masu shara, tana faɗa da ni in na kawo abincin da bai yi mata ba. Da muka dawo gida matata ta shiga baƙin ciki, ta ce ita yanzu ba mace ba ce, ba sauran haihuwa. Goggo ba ta yi mata wa'azi ba. Sai ta kwaso 'ya'yanmu mata da ƙazantar kansu ta zube mata a gaba ta ce, "Ga waɗanda kika haifa nan, kai duk ƙwarƙwata. Ki gama da su tukuna." Matata ta yi dariya, ta farko tun Madani, ta ce a miƙo mata mashaci.

Ba zan ce Goggo ba ta da nata ba. Bayan wannan ta zama ba ta iya jin ƙamshin talha ta wuce. Ta taɓa faɗawa gidan wata yarinya ta tsorata ta, ta ja ta har ɗakin shan magani tana kuka, ashe mijin yarinyar ne zai dawo daga aikin gona a Damazin. Goggo ba ta ba da haƙuri ba, ba ta iya ba. Ta dai aika mata da kaza.

Maganar allura kuwa ba ta bar ta ba. Duk wanda ya dawo daga birni sai ta tambaye shi, "Ta zo?" In maza suka tayar da zancen hana haihuwa, sai ta ce, "Ku da ba ku taɓa shiga ɗakin wanka ba, ku yi mini shiru." Sannan yaƙi ya zo, muka watse, ɗakin shan magani ya zama kango, diktora ba mu san inda take ba. Da muka dawo Goggo ta riga ta raunana. Har ta rasu allurar ba ta iso garinmu ba. Ta sa na yi mata alkawari a gaban 'ya'yana mata cewa ranar da ta iso, ni zan kai su da kaina, ko me za a ce a bakin masallaci. Ina nan a kan alkawarin.

A watannin ƙarshe ta riƙa kiran matata ɗakinta. Ta koya mata yadda ake dama magarya, yadda ake juya mamaciya ba tare da an yaye mata sutura ba, inda ake farawa da inda ake gamawa. Matata ta ce tana jin tsoro. Goggo ta ce, "Ni ma na ji tsoro ranar da na shaƙi hayaƙin gidanki. Na ce wannan ma ni zan wanke ta. To ban yarda ba. Yaro ke wanke babba, haka nike so a yi."

Ranar da ta rasu, bayan azahar, matata ta shiga ɗakin da ruwa, aka ja labule. Ina tsaye a tsakar gida tare da masu jiran ɗaukar makara. Da ta gama ta fito, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu, idonta ja, tana tafiya da ƙafafunta, da lafiyarta. Ta dubi mahaifina ta ce, "Baba, an shirya ta." Mahaifina ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallon matata, sannan ya rufe fuska da rawaninsa.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta suturta bayinka mata tsawon rayuwarta, ka suturta ta. Abin da ta faɗa don ceton rai, ka karɓa mata. Ka haɗa ta da ɗiyarta a inda babu ciwo. Amin.